Siraran Robobin Injiniya

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, Malama ta dawo daga makaranta ta tarar da mijinta durƙushe gaban kantar falo, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Tef ɗin na Tela ne, maƙwabcinsu na hawan ƙasa. Tun ba ta ajiye jaka ba gabanta ya faɗi, don ta sani duk ranar da Injiniya ya aro abin awo, akwai wani abu mai lafiya a gidan da kwanansa ya ƙare.

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Shekara talatin ya yi yana tsaron ɗakin ajiyar kaya a wani kamfanin haɗa wayoyin lantarki, yana miƙa wa injiniyoyin gaske abin da suka nema ta taga. Da ya yi ritaya sai ya taho gida da sunan, yadda wasu ke tahowa da agogon bango.

"Malama, zo ki ga asarar da muke tafkawa," in ji shi. Ya zaro robar faifan DVD ɗaya daga kanta ya ɗaga ta sama. "Kaurin wannan nawa ne?"

"Ban taɓa tambayarta ba."

"Milimita goma sha huɗu. Faifan da ke ciki kuwa bai kai ɗaya da rabi ba. Sauran duk iska ce. Shekara ashirin muna ajiyar iska a falonmu, har kina goge mata ƙura duk Asabar."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata roba siririya mai ƙyalli, kamar yankan biredin marowaci.

"Ga zamani. Milimita bakwai. Rabi cif. Ke malamar lissafi ce, ba sai na yi miki bayani ba."

Amma sai da ya yi, na minti ashirin.

Faya-fayai ɗari biyu da arba'in ne a kantar, kuma babu fim ɗin kasuwa ko ɗaya a ciki. Duk bidiyon gida ne: ranar da 'yar farinsu ta fara tafiya, ranakun rabon kyauta a makarantar yara, ranar da suka tare a wannan bene, tafiye-tafiye da ziyarce-ziyarce. Fuskar kowane faifai fara ce sol, babu rubutu, don tun ranar da Injiniya ya danna biro a kan ɗaya ya kashe shi Malama ta hana rubutu a jikin faifai. A takarda take yi. Ta yanka ta daidai, ta rubuta abin da ke ciki da shekararsa, ta zura ƙarƙashin ledar robar, lamba kuma ta fito raɗau a gefen da ke kallon mutum idan an jera su. Akwai littafi mai baƙin bango a durowa, kowace lamba da layinta.

Lamba tamanin da bakwai shi ne Baba. Minti arba'in ne na marigayi surukinta zaune a kujerar kusa da taga, yana shan shayi yana hira, wata biyar kafin rasuwarsa. Babu inda muryarsa ta rage a duniya sai nan. Inna, mahaifiyar Injiniya, wadda ke zaune da su a ƙaramin ɗaki, ta kalli faifan har ta haddace inda Baba zai yi tari. Yanzu yanar ido ta kusa rufe mata gani, an sa mata ranar aiki Litinin mai zuwa. Likita ya ce babu abin tsoro. Inna ta ce ta ji, amma a tara mata 'ya'yanta ranar Lahadi su kalli Baba tare da ɗan ganin da ya rage mata, don ba ta san da wanda za ta dawo daga asibiti ba.

"Ka bari sai bayan Lahadi," in ji Malama.

"Aikin awa biyu ne."

"To in ka matsu, ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe roba, ka cire faifai, ka sa a sabuwa, ka bi shi da takardarsa. Kada ka raba faifai da takardarsa ko na minti ɗaya."

Injiniya ya yi mata irin murmushin da yake yi wa masu gyaran famfo.

"Haka ake aikin gida. A kamfani mataki-mataki ake yi. A gama na ɗaya gaba ɗaya, sannan a shiga na biyu."

"A kamfani ai ta taga kake hange."

"Tagar babba ce," in ji shi.

Laraba da ta dawo ta tarar an gama mataki na ɗaya. Kanta wayam. Ga kwalin siraran robobi a tsakar falo. Ga Injiniya tsaye riƙe da sandar tsohuwar lema wadda ya tuɓe wa yadi da ƙarafa, faya-fayai zure a jikinta tun daga mariƙi, suna sheƙi.

"Ina robobin?"

"Mai kura ya wuce yana neman tsofaffin robobi. Na yi masa alheri."

"Da takardun?"

"Takardun ai a jikinsu suke."

Malama ta zauna a hannun kujera. Ta ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci, yadda take yi idan ɗan aji ya raba lamba da sifili kuma ya tsaya musu.

"Kafin ki ce komai," in ji Injiniya, "a jere na zura su. Na ɗaya na jikin mariƙi, na ƙarshe na sama. Littafinki na nan a durowa. Me aka rasa? Iska."

Ta yi tunani, ta ga wannan karon akwai ɗan gaskiya a maganarsa. In dai a jere suke, ta ƙirga tamanin da bakwai daga mariƙi ta cire Baba, sauran ko shekara za su ɗauka su ɗauka.

"Miƙo min lemar. A hankali."

"Yanzu. Bari Tela ya gani tukuna. Nasa guda sittin su ne na sama, ga guntun kwali na sa tsakani. Na ce shi ma zan shigar da shi zamani."

"Baban yara, miƙo min lemar."

Ya riga ya fita, lema a kafaɗa kamar soja a fareti. A kwanar matakala ya ci karo da Nas, ma'aikaciyar asibiti, maƙwabciyarsu ta ƙofar da ke kallon tasu, tana hawowa da ledar cefane. Ta gaishe shi, ta yi kuskuren tambayar mene ne wannan. Injiniya bai taɓa iya bayani da hannu a kafaɗa ba. Ya sauke lemar, ya nuna sama da tsininta ya ce nan sha huɗu, ya nuna ƙasa ya ce nan bakwai.

Daga bakin ƙofa Malama ta ji ƙarar. Ba ta ma da ƙarfi. Wani irin shuuu ne, sannan ƙwal-ƙwal-ƙwal mai tsawo, matakala bayan matakala, hawa biyu cur. Wasu suka kwanta a hanya. Wasu suka miƙe a kan gefensu suka gangara waje kamar an aike su, ɗaya ya shige ƙarƙashin mota, uku suka shiga shagon Tela ba sallama.

Tela ya fito da almakashi a hannu. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama inda Injiniya ke tsaye da sandar lema tsirara.

"Injiniya, zamanin ne ya iso?"

"Gwaji ne. Ana gwada ƙarfin kaya kafin a adana su."

"To sun ci jarrabawa. Waɗanne ne nawa?"

"Masu farar fuska."

"Duk farare ne."

"Ka ga kuwa babu abin rigima."

Mutanen bene suka taya tsinta, aka tara su a bahon wanki. Malama ta ƙirga sau biyu, ta samu ɗari biyu da tamanin da takwas maimakon ɗari uku. Injiniya ya ce mai yiwuwa sha biyun sun faɗa kwata. Ta ɗauki tocila da sandar tsintsiya, ta bi kwatar titi tun daga ƙofar bene har gaban kantin magani, tana leƙawa, masu wucewa suna tambayar ko ɗan kunne ne ya faɗi. Ba ta samu ko ɗaya ba.

Alhamis ya shiga mataki na biyu. Tunda siraran robobi rabin wuri suke ci, ya aro zarto ya raba kantar gida biyu. Rabin da ya yanke ya fitar shi ne mai katakon da ke riƙe bayanta, saboda haka wadda ta rage ta karkace gefe ɗaya kamar mai ciwon ƙugu. Ya tokare ta da ƙamus ɗin Malama. Sannan ya zauna yana zuba faya-fayai a sababbin robobi. Duk biyar sai ɗaya ta ce tas, murfinta ya rabu da ita. Ya ce wannan ba laifin roba ba ne, hannunsa ne ya saba da manyan kaya.

Da ya jera su suka tsaya kamar haƙoran mataji. Gefen kowace ko ƙuda bai samu wurin zama ba, balle rubutu. In ka ja ɗaya uku ke biyo ta. In ka cire biyu sauran su kwanta a kan juna. Duk da haka ya samu jan biron da Malama ke duba jarrabawa da shi, ya yi ta ɗiga ƙananan lambobi yana lumshe ido ɗaya.

"Me ka rubuta a nan?" in ji Malama, ta kai robar dab da hancinta.

"Lamba."

"Lambar me?"

"Lambar faifan."

"Me ke cikin faifan?"

"Wannan mataki na uku ne."

Suna cikin haka Nas ta ƙwanƙwasa, idanunta jajir.

"Injiniya, wannan makon aikin dare nake yi, da rana nake barci. Faya-fayan nan da ka rataya a kan tumatirinka suna wulga min haske a ɗaki kamar motar 'yan sanda ta biyo ni gado."

Tumatirin bokiti huɗu ne a bayan bene, ƙarƙashin tagar Nas. Injiniya na kiran wurin gona. A shekara biyu gonar ta ba da tumatir bakwai.

Malama ta juyo. "Waɗanne faya-fayai?"

"Matattu. Irin na durowar ƙasa, waɗanda suka ƙi ɗaukar hoto tun da can. Tantabaru ke min ɓarna, haske kuwa na korar su. Kimiyya ce."

Akwai matattun faya-fayai a durowar ƙasa, Malama ta san da su, kuma tana da wasu ɗari biyu da tamanin da takwas a kanta. Ta bar maganar. Ta ba Nas haƙuri da aron labule mai kauri.

Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ita Malama ta bi. Kowace yamma in ta dawo sai ta zauna gaban talabijin da kwali biyu, na waɗanda aka duba da na waɗanda ba a duba ba, ta sa faifai, ta ga abin da ke ciki, ta rubuta a farar takarda ta manna a fuskar robar. Da aikin minti ɗaya ne kowanne, in ba don mai ɗaukar hoton ba. Duk bidiyon gidan, Injiniya ne ya ɗauka, kuma duk iri ɗaya suke farawa: ko takalmansa, ko fankar silin, da muryarsa yana cewa, "Ta fara? Jar wutar nan ce ke nuna ta fara?" Wani minti uku, wani shida, kafin a ga fuskar ɗan Adam. Maɓallin gaggauta hoto na rimot kuwa ya daina aiki tun ranar da ya gyara shi.

Ranar Juma'a Inna ta fito tana lalube bango, ta tsaya a bakin falo.

"Malama, kwana biyu ina jin muryar Auta yana tambayar jar wuta. Me kuke kallo?"

Shekararsa hamsin da takwas, amma a wurin Inna Injiniya Auta ne. Malama ba ta iya yi wa tsohuwar ƙarya ba.

"Inna, Baba muke nema. Faya-fayan sun cakuɗe."

"An kusa samunsa, Inna," in ji Injiniya da sauri. "Tsari ne ake sauyawa."

Inna ta juya fuskarta wajen muryarsa. "Kai ka taɓa su?"

"Gyara na yi."

"Kana shekara shida ka gyara rediyon ubanka. Har ya bar duniya a gidan maƙwabta yake jin labarai." Ta juya ta koma ɗaki. Daga ciki ta ƙara da cewa, "Lahadi dai na ce."

Asabar da hantsi Injiniya ya shigo da sabon ilimi. Ya ce duk faifan da aka ɗora wa hoto, in ka kifa shi a haske za ka ga zobe mai duhu a bayansa, faɗin zoben kuma shi ne tsawon bidiyon. Baba minti arba'in ne. Saboda haka abin da ake buƙata tef ɗin Tela ne da ƙwaƙwalwa, ba zaman kallon fanka ba. Ya wuni a bakin taga yana ɗaga faya-fayai sama kamar mai duban ƙwai, yana cakuɗa kwalin da Malama ta duba da wanda ba ta duba ba. Da la'asar ya ware guda uku.

"Ɗayan ukun nan ne. In ba haka ba a cire min sunan Injiniya."

"Wa ya sa maka da za a cire? Kawo mu gwada."

"A'a. Duk sawa ɗaya na rage wa faifai kwana. Gobe a gaban kowa." Ya zura su a jakarsa ta ofis mai makulli, ya sa mabuɗin a aljihun wando.

Malama ta koma gaban talabijin. Zuwa azahar ɗin Lahadi ta duba ɗari da talatin da ɗaya. Ta ga fanka a kowane yanayi na shekara, ta ga takalma ƙafa tara, ta ga ɗinkuna iri-iri na Tela. Ba ta ga Baba ba. Wani abu ma ya fara damunta: ba ta ci karo da ko ɗaya daga cikin waɗanda aka fi so a gidan ba.

Ƙarfe uku falo ya cika. Yaya, babbar yayar Injiniya, ta zo da mijinta da jikoki, ta zauna a kujerar tsakiya da jaka a cinya kamar alƙali. Sauran 'yan uwa suka jeru a bango. Injiniya kuma, ba da sanin Malama ba, ya gayyato Tela da matarsa da Nas su shaida abin da ya kira ƙaddamar da sabon tsari. Aka jawo wa Inna kujera dab da talabijin, tsakaninta da gilashin bai wuce taƙi biyu ba.

Injiniya ya sa kwat. Ya tsaya gefen karkatacciyar kanta ya yi gyaran murya.

"Kafin mu fara, ku dubi nan. Da wannan bangon gaba ɗaya a cike yake. Yau rabi. Abin da ya ɗauki wasu shekara ashirin suna tarawa, ni a kwana biyar..."

"Auta, ba jawabi muka zo ji ba," in ji Yaya. "Sa mana Baba."

Ya buɗe jaka, ya zaro na farko da yatsa biyu, ya sa a na'ura. Babu takalma, babu fanka. Sai wani rami ja mai laushi, mai sheƙi, hoton na kutsawa cikinsa a hankali, bangonsa na motsi.

Inna ta matso. "Wane kogo ne wannan?"

"Tafiyar nan ce da muka yi da Baba," in ji Injiniya. "Wajen duwatsu. Yanzu zai fito."

"Baba bai taɓa shiga kogo ba," in ji Yaya.

"Kin manta ne. Dubi yadda ruwa ke ɗiga."

Matar Tela ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Tela ya miƙe tsaye.

"Injiniya, cikina ne."

"Kamar yaya?"

"Cikina. Ranar da asibiti suka zura min kyamara ta maƙogwaro, suka ba ni faifan in ajiye. Ga gyambon nan a hagu. Matata ma sau ɗaya na nuna mata."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Inna. "Amma da faɗi."

Jikoki suka kwanta a kafet suna shure-shure. Injiniya ya ce cikin uku dole ɗaya ya zama na gwaji, ya sa na biyu. Takalma suka bayyana. "Ta fara?" in ji talabijin. Ya juyo ya dubi Malama da alamar nasara.

Hoton ya ɗago. Wannan falon ne, kujeru biyu suna kallon juna, babu kowa. Sai ga Injiniya ya shigo cikin wannan kwat ɗin, ya zauna a ta hagu, ya maƙale murya ya ce, "Masu kallo, yau mun yi sa'ar samun babban ƙwararre. Injiniya, duniya na tambaya, ina ka samo wannan basira?" Ya tashi da sauri ya koma ta dama, ya harɗe ƙafa, ya yi dariyar manya. "To, baiwa ce. Ni kaina wani lokaci ina mamakin kaina."

Injiniya na gaske ya yi kan rimot. Ya danna maɓallin tsayarwa, sauti ya ƙaru, don shi ma ya gyara shi. "Iyalina ma ba su san darajar wanda suke zaune da shi ba," in ji na talabijin, da ƙarfin da aka ji har matakala.

"Yanzu mun sani," in ji Yaya. "Bar shi, ina so in ji ko mai tambayar zai ƙure shi."

Sai da ya zare wayar daga bango. Na uku fanka ce zalla. Aka jira minti bakwai ana kallonta tana juyawa, sannan aka ji muryar Malama daga nesa a cikin hoton tana cewa, "Baban yara, ka bar kyamara a kunne a kan tebur."

Zufa ta jiƙa wuyan kwat. Injiniya ya ce lissafin daidai ne, tef ɗin Tela ne ya miƙe, kuma yanzu ya tuna inda na gaskiyar yake. Ya juya ga kanta ya fizgi roba ɗaya daga tsakiya. Uku suka biyo ta. Sauran suka kwanta a kan juna, nauyin ya koma gefe ɗaya, ƙamus ya zame. Kantar ta durƙusa a hankali kamar raƙumi, ta zubar da zamani gaba ɗaya a ƙafafun mijin Yaya.

Babu wanda ya yi dariya wannan karon, don Inna ta ɗaga hannu.

"Ku daina wahalar da na'ura. Ku miƙo min su in shafa. Nawa na da alama. Akwai gatsa a gefensa, inda ƙaramar jikar Yayarku ta cije shi tana fitar da haƙori. Bayansa kuma duk zane ne, don babu wanda aka sa kamarsa a gidan nan."

Nas, wadda ke jingine da ƙofa tana hamma, ta miƙe.

"Mai gatsa a gefe? Na uku daga hagu, saman shuɗin bokiti. Kwana huɗu yana shiga min ido, na haddace shi."

Malama ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Ka ce na durowar ƙasa ne."

"Na ce irin na durowar ƙasa. A mataki na ɗaya akwai tacewa. Duk faifan da zane ya yi wa yawa ana fitar da shi. Ƙa'idar inganci ce, ko a kamfani..."

"Guda nawa ka tace?"

"Kamar sha biyu."

"Sha biyun da na bi kwata da tocila ina nema."

"Ban ce suna kwata ba. Na ce mai yiwuwa."

Yanzu ta gane abin da ya sa ba ta ga tafiyar farko ta 'yarta ba, ko ranar tarewa. Waɗanda aka fi kallo su suka fi zane. Ya bi kanta kaf ya tsince abin da gidan ya fi so, ya kai wa tantabaru.

Falo gaba ɗaya ya sauka bayan bene, mutanen sauran hawa na leƙowa ta tagogi. Ga su nan su goma sha biyu a jikin igiyar shanya, suna juyawa a rana, tantabara biyu zaune a bakin bokiti suna kallon kansu a ciki. Yaya ta karɓi almakashin Tela ta yanke zaren na uku. Ta juya faifan, ta ga ƙaramin huji mai baƙin baki tsakanin tsakiya da gefe.

"Wannan fa?"

"Ƙusa na gasa na huda."

"Faifan da aka ƙera da rami a tsakiya, shi ka huda wa wani?"

"In aka rataya ta tsakiya ba ya juyawa da kyau."

"Auta," in ji Yaya, "da ba a gaban surukai muke ba, da kai ma yau ka juya da kyau."

Malama ta karɓi faifan. Ta hau sama, ta wanke kashin tantabara da ruwa, ta goge da gefen tsohon ɗankwali daga tsakiya zuwa waje, ta sa a na'ura. Na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Takalma suka fito. "Ta fara?"

Sai ga Baba a kujerar kusa da taga, kofi a hannu, hula ture a ƙeya. Inna ta kai fuskarta har numfashinta na taɓa gilashin. Ya yi ƙorafin shayin ya yi sanyi. Ya ba da labarin kekensa na farko. "Zai yi tari," in ji Inna a hankali, ya kuwa yi. Yaya ta buɗe jaka tana neman hankici.

A minti na goma sha huɗu hoton ya fara karkacewa, ya yi duhu, ya yi haske, ana jin ƙas-ƙas na yatsu a jikin kyamara. Baba ya ajiye kofi ya dubi mai ɗauka, ya ɗaga yatsa.

"Auta, me kake murɗawa? Tana aikinta, ƙyale ta. Malama, karɓi abin nan daga hannunsa."

Nan hasken na'ura ya isa hujin ƙusa. Hoton ya tsaya cak, Baba da yatsa a miƙe, yana nuna gefen ƙofar falo, daidai inda Injiniya ya raɓe da kwat a hannu.

"Akwai dabarar da ake yi da man goge baki," in ji Injiniya. "In aka shafa kaɗan..."

"Zauna," in ji Yaya da Malama da Tela a tare.

"Ku bar shi haka," in ji Inna, ba ta ɗauke fuska daga gilashin ba. "Na ga abin da nake so. Kuma ya gama magana."

Litinin aka yi wa Inna aiki, idonta na dama ya buɗe. Faifan Baba a minti na goma sha huɗu yake tsayawa har yau. Cikin sauran sha ɗayan, huɗu sun tashi, bakwai ba su ƙara tashi ba. Malama ta sayo robobi masu kauri, ta gama jerawa a wata uku, kafinta ya haɗa sabuwar kanta mai ƙofar gilashi, mabuɗin na cikin jakar makarantarta. Tela ya karɓi faya-fayansa sittin da tef ɗinsa. Tantabaru suka cinye tumatirin.